Daɓen Badi'a

Shekara bakwai Badi'a ta yi tana yaƙi da gara a ɗakin aurenta da ke garin Kabo, ba ta taɓa cin galaba ko sau ɗaya ba. Daɓen ɗakin na ƙasa ne, tun na zamanin kakar mijinta, duk ya zaizaye ya yi ramuka, ta nan garar take ɓullowa. Ta ci tabarmi huɗu. Ta ci ƙafar gado har sai da aka tokare shi da bulo. Ta shiga adaka ta yi wa zannuwan unguwa guda biyu irin nata adon. Badi'a ta zuba toka, ta zuba kananzir, ta zuba tafasasshen ruwa, garar sai ta yi kwana uku ba ta nan, ta dawo da danginta. Duk sanda ta kai kuka wurin maigidan, Malam Ja'afar, sai ya ce a yi haƙuri, ita ma gara halittar Allah ce, abincinta take nema.

Malam Ja'afar a da akawu ne a wani ofis a Gwarzo. Da gwamnati ta ce kowa ya tsuke bakin aljihunsa, aka zo rage ma'aikata, sunansa na cikin waɗanda suka fara fitowa. Tun daga nan ya koma gona, ranar kasuwa kuma ya kasa irin shuka a bakin hanya. Amma bai fid da rai ba. Takardunsa na makaranta suna cikin wani fayil a ƙarƙashin gado, yana jiran ranar da za a neme shi. Wata safiya da bazara ya ji ƙishin-ƙishin za a ɗauki ma'aikata, ya janyo fayil ɗin ya buɗe. Abin da ya rage na takardar shaidarsa shi ne kusurwa ɗaya mai hatimi, da rabin sunan mahaifinsa.

Ya daɗe a tsugune yana kallo. Badi'a tana tsaye da tsintsiya a hannu, tana jira ta ji ko za a ambaci halittar Allah. Ba a ambata ba.

"Siminti za a zuba a ɗakin nan," ya ce.

Siminti a lokacin ba abin da talaka ke tunkara ba ne, amma Allah ya sa wansa ya gama ginin shago a Gwarzo, buhu shida suka yi saura, ya aiko a zo a kwashe kafin su daskare. Aka kawo su a amalanke aka jera a zaure, aka jibge yashi da tsakuwa a ƙofar gida.

Bazarar farko ce bayan an ƙaddamar da Shari'a a jihar, gari ya ɗauki harama. Mazan unguwa sun kafa kwamitin sa-kai na wa'azi da gyaran tarbiyya, Malam Ja'afar kuwa, da yake rubutunsa yana da kyau kuma ba shi da ofis, shi aka ba sakatare. Ya ɗauki abin da zafi. Ya samo shuɗin fenti ya rubuta BA SHIGA a goshin zaurensa, manya-manyan haruffa har da layi a ƙasa. Bai tsaya nan ba. Wata Juma'a a majalisa, a gaban mutum kusan ashirin, ya rantse da Allah cewa muddin yana raye, babu namijin da ba muharrami ba da zai wuce zaurensa ya taka tsakar gida. Babu wanda ya nemi ya rantse. Zancen ne kawai ya yi masa daɗi.

Maginin da aka kira wani dattijo ne daga Dugabau, Baba Haladu. Ya zo a kan keke da jakar kayan aikinsa a baya. Badi'a tana tankaɗe a jikin katanga, don haka duk abin da aka faɗa a ƙofar gida a kunnenta aka faɗa. Aka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi zafi, aka tambayi mutanen Dugabau ɗaya bayan ɗaya. Sannan Malam Ja'afar ya gyara murya.

"Baba, akwai magana guda. Ka ga rubutun nan?"

"Na ga shuɗi."

"Cewa ya yi ba shiga."

"To," in ji Baba Haladu. "Ɗakin a ciki yake ko a waje?"

"A ciki yake."

"To fito min da shi."

Malam Ja'afar ya yi masa bayanin rantsuwar. Dattijon ya ce ai da sauƙi, a kai mai ɗakin gidan dangi na kwana biyu. Malam Ja'afar ya ce ko tana nan ko ba ta nan, rantsuwar a kan gidan ya yi ta.

"To ka yi kaffara. Miskini goma za ka ciyar."

"A wannan tsadar?"

"Wanda ba shi da hali azumi uku yake yi."

"A wannan zafin, Baba?"

Badi'a ta ji ƙarar sarƙar keke tana yin nisa.

Da Malam Ja'afar ya shigo, ya cire riga ya rataye, ya ce shi zai yi da kansa. A gabansa aka gina sabon sashen ofishinsu tun daga tushe, ta tagarsa yake kallon komai. Badi'a ta ce, "Allah ya taimaka, Malam," ta fitar da gado da adaka da kwanukanta tsakar gida, ta tura 'ya'yanta mata biyu maƙwabta.

Bayan sallar azahar ya fara, lokacin da ko kaji sun shige ƙarƙashin rumbu sun buɗe baki. Ya farke buhu biyu a tsakar gida, ya watsa yashi da tsakuwa da ido, ya ce ta kawo ruwa. Ta kawo. Ya ce ta ƙaro. Da shebur ɗin aro ya yi masa nauyi sai ya ce ta ƙaro, har kwaɓin ya koma kamar kunun tsamiya. Ta ce, "Malam, anya bai yi ruwa ba?" Ya ce haka ake yi, don ya bi lungu-lungu da kansa. Ya kwarara shi a kan busasshiyar ƙasar ɗakin, ya baza da murfin tukunya. Rabin ɗakin kawai ya rufe. Da ya sunkuya zai ɗauki bokiti na ƙarshe, sai ta ji ya ce "Innalillahi" da wata irin murya, ya tsaya a sunkuye. Ƙugunsa ne ya riƙe. A haka ta rako shi zaure, tana tafe yana dafe da kafaɗarta, ta shimfiɗa masa tabarma kusa da ragowar buhu huɗu.

Kafin la'asar saman simintin ya yi fari. Kafin magariba ya tsattsage kamar ƙasan kududdufi da rani.

Washegari Gwaggo Yelwa, ƙanwar mahaifinsa, ta zo duba shi. Tsohuwa ce ƙanƙanuwa mai ƙarfin hannu, ba ta iya magana a hankali ba. Ta yi masa sannu, ta wuce ciki, ta tsaya a bakin ɗakin ta daɗe tana kallo. Ta sa ɗan yatsan ƙafa ta taɓa gefe, wani ɓangare ya ɓalle.

"Wa ya yi wannan?"

"Malam ne."

"Allah ya ba shi lafiya."

Ta koma zaure ta tsaya a kansa. "Kai Jafaru, yaushe daɓe ya zama aikin maza? Ɗakin nan da kake gani, ina budurwa muka daɓe shi, mu goma sha biyu, babu namijin da ya leƙo. Tunda ka ɗaure kanka da bakinka, ka bar magini a waje ya riƙa faɗa, mu mu yi a ciki."

"Gwaggo, wannan siminti ne, ba ƙasa ba."

"Na ga yadda ka yi da shi ai."

Ita ta aika aka sake kiran Baba Haladu. Da ya zo bai nemi bayani ba, ya ce a miƙo masa ɓallin aikin. Gwaggo ta kai masa. Ta ba Badi'a labari daga baya cewa tsakanin yatsu biyu ya murje shi ya zama gari.

"Buhu nawa?" Badi'a ta ji ya tambaya.

"Biyu," in ji Malam Ja'afar daga kwance.

"Allah ya jiƙansu. Huɗun za su isa, in ba a sake taɓa su ba."

Saura magana ɗaya. Malam Ja'afar ya ce ya yarda, amma bai dace matar aure ta riƙa musayar magana da namijin waje ba. Ya yi nazari yana kallon rufin zaure, ya fitar da hukunci: Baba Haladu zai faɗa masa, shi kuma ya faɗa wa Badi'a, in tana da tambaya ta biyo ta wurinsa. Zauren taku biyar ne daga ƙofa zuwa ƙofa, katangar gidan kuma ko kai ba ta gama rufewa ba.

"A fasa wancan duka," in ji Baba Haladu daga waje, da muryar da ta kai har madafa. "Kada a zubar. A farfasa shi ƙanana a baje, ya zama shimfiɗa."

Badi'a ta riga ta ɗauki taɓarya lokacin da Malam Ja'afar ya ɗaga murya. "Badi'a! Ya ce a fasa wancan duka."

"To, Malam."

Bai yi wuyar fasawa ba. Suka baje shi, suka cike ramukan gara, Gwaggo ta zauna dirshan da madaɓinta, wani tsohon ice mai faɗin baki da ya yi santsi don shan hannu, tana bugun ƙasa tana matsawa da baya. Badi'a ta bi da turmi tana ɗagawa tana saki. Sai da ƙasar ta daina nuna sawun ƙafa Baba Haladu ya ce ya isa.

Daga nan ya turo kayan aikinsa ta ƙarƙashin asabarin ƙofar ciki: cokalin gini, da dogon katako miƙaƙƙe, da 'yan turaku, da wani guntun katako mai 'yar kwalba a tsakiya. A cikin kwalbar akwai ruwa da ƙwayar iska ɗaya. Ya ce tunda ya saye shi bai taɓa barin wani ya riƙe ba, a kula. Ya ce a kafa turaku a kusurwa huɗu da tsakiya da bakin ƙofa, kowanne kansa ya fito tsawon yatsa uku a jere, a ɗora dogon katako daga wannan zuwa wancan, a aza mai kwalbar a kai. In ƙwayar ta tsaya tsakanin layi biyu, daidai ne. Na bakin ƙofa kuma a ƙara buga shi ƙasa kaɗan, don in an yi wanki ruwa ya san hanyar fita.

Badi'a ta durƙusa ta aza. Ƙwayar ta gudu gefe. Ta buga turke sau biyu, ƙwayar ta dawo, ta wuce ɗaya gefen. Ta ɗago shi kaɗan da bakin cokali. Ƙwayar ta yi rawa ta zauna a tsakiya. Ta daɗe tana kallonta. Tun da ta bar makarantar allo ba a taɓa koya mata wani abu daki-daki haka ba, kuma wannan abu ne da ba ya jin lallashi, ko dai daidai ne ko ba daidai ba. Ta sake aunawa sau uku ba don ana bukata ba.

"Malam," ta ce, "a gaya masa ta zauna."

"Baba, ta ce ta zauna."

"Wa?"

"Badi'a, ya ce wa?"

"Ƙwayar."

"Madalla," in ji Baba Haladu, bai jira ba.

Da yamma ya sa suka jiƙa ƙasar sosai, ya ce ƙasa mai ƙishi tsotse ruwan siminti take yi ta ƙasa, rana ta sha ta sama, shi kuma ya mutu a tsakiya. Ya ce gobe daga sallar asuba za a fara, kafin hantsi ya ɗaga a gama.

Gari bai gama wayewa ba Badi'a ta ji ƙarar shebur a ƙofar gida. Buhu huɗun nan su ne na ƙarshe, in suka bi 'yan'uwansu babu wani shagon da ake ginawa a dangi. Ta ɗaure ƙugu da tsohon zane, ta sa ledar burodi a hannuwa kamar yadda aka ce, don siminti cin fata yake yi. Baba Haladu yana awo da kwanon sarki yana ƙirgawa a fili: ɗaya na siminti, uku na yashi, biyar na tsakuwa. Ya juya su a bushe sau uku kafin ruwa ya taɓa su. In ya cika kwano sai ya ratsa zaure, ya tsallake ƙafafun Malam Ja'afar, ya dire a bayan asabari, ya koma waje ya yi tari. Tarin nan shi ne alamar ta zo ta ja.

Kwanon farko da ta gani sai ta ɗauka an manta ruwa. Da kauri yake kamar tuwon da aka tuƙa da kyau.

"Malam, a tambaye shi, haka zai tafi?"

"Haka zai tafi," in ji Baba Haladu, bayan Malam Ja'afar ya maimaita. "A fara daga lungun ciki a yo baya. A buga shi sosai, shi zai fito da ruwansa."

Ta juye, Gwaggo ta bi da madaɓi, sai ga danshi yana tasowa sama yana ƙyalli. Badi'a ta aza dogon katako a kan turaku biyu, tana ja tana girgizawa hagu da dama, yana aske tudu yana cike kwari. Kwano na biyar ledar ta yage. Kwano na goma ta daina jin kafaɗunta. Gwaggo ta fara wata tsohuwar waƙar daɓe ƙasa-ƙasa, Malam Ja'afar ya yi gyaran murya daga zaure, ta ƙara ɗaga murya, ya bar gyaran.

Sun ci kashi biyu cikin uku na ɗakin lokacin da rana ta leƙo ta saman katanga, iska mai ɗumi ta fara shigowa ta taga. Badi'a ta ɗaga kai ta ga gefen tagar ya fara yin fari, irin farin da ta gani shekaranjiya. Ba ta san sanda bakinta ya buɗe ba.

"Baba! Gefen taga yana bushewa!"

"Kada ki zuba masa ruwa a kai!" in ji shi nan take. "Jiƙa tabarma ki toshe tagar. Ki jiƙa wata ki rataya a ƙofa. Maza!"

Ta fita da gudu ta tsoma tabarmar salla a randa, ta zagaya ta toshe tagar. Ɗakin ya yi duhu, ya yi sanyi. Tana rataya ta biyu ta ji muryar Malam Ja'afar.

"Baba, ta ce gefen taga yana bushewa."

"An wuce nan," in ji Gwaggo.

Daga nan aiki ya yi sauri, tambaya da amsa suka riƙa tsallake zaure kai tsaye. Malam Ja'afar bai fasa ba, yana biye da su a baya da jimla ɗaya ko biyu, kamar ladanin da limaminsa ya yi masa nisa. Can kuma suka daina jin sa. Da Badi'a ta je jan kwano na talatin da biyu, ta hango shi ta ƙasan asabari ya yi barci, baki a buɗe.

Da aka cika ɗakin har bakin ƙofa, ta ɗauki cokali za ta fara shafe, Baba Haladu ya ce ta dakata sai ƙyallin ruwan ya ɗauke. Ta riƙa danna babban yatsa, in ya nutse da saura, in ya bar alama kaɗan lokaci ya yi. Wannan jiran ya fi mata aikin wuya. Da lokaci ya yi ta shimfiɗa katako ta durƙusa a kai, ta fara daga ciki tana murza cokali a kwance, tana ja da baya tana goge sawunta. Hannun da ya saba shafe murhu da yaɓen katanga bai yi mata gardama ba. Baba Haladu ya ce ta ja layi ɗaya mai zurfi da bakin cokali a tsakiyar ɗakin daga bango zuwa bango. Ta tambayi dalili.

"Siminti ko na wane ne sai ya motsa," ya ce. "Gara a nuna masa inda zai tsage, da ya zaɓa da kansa."

Hantsi bai gama ɗagawa ba ta fito. Yatsunta sun yi fari sun tsattsage, lallen da ta sa satin jiya ya tafi. Gwaggo ta wanke mata da ruwan tsamiya ta shafa man kaɗe.

Ashe aikin bai ƙare ba. Baba Haladu ya ce da la'asar a rufe daɓen da buhunan algarara jiƙaƙƙu, kuma kwana bakwai kada a bari su bushe, safe da rana da yamma. Rijiyar gidan kuwa bazara ta kai ta ƙasa, guga rabi yake fitowa, rabin rabin kuma laka. Kwana biyu Badi'a tana raba ruwan tsakanin tukunya da ɗaki, ɗakin yana cin kaso mafi tsoka. A na uku Malam Ja'afar ya miƙe. Ya ɗaura jarka biyu a keke ya nufi burtsatsen bakin kasuwa, inda layi yake kaiwa har gindin kuka. Sahu uku yake yi kullum, yana tura keken don ƙugun bai yarda ya hau ba. In ya sauke sai ya leƙa ɗakin ya taɓa buhu da bayan hannu ya ce, "Wannan ya fara bushewa." Ita kuma ta ce, "To, Malam." A tsakar gida suke kwana, gado a ƙarƙashin bishiyar darbejiya.

Ran na bakwai Baba Haladu ya dawo. Aka kwashe buhuna aka share. Daɓen ya fito toka-toka mai duhu, sumul, da sanyi a tafin ƙafa. Badi'a ta tsaya a tsakiya, sai a lokacin ta tuna cewa mutumin da ya san ko ya yi ko bai yi ba, ba zai gan shi ba.

"A ɗauki taɓarya," ya ce daga waje. "A buga a kusurwa huɗu da tsakiya. A yi shiru."

Ta buga. Kowane bugu ya ba da ƙara mai tauri, ƙau, babu amon rami a ƙasa. A kusurwa ta huɗu ya ce a sake. Ta sake.

"Ya yi. Yanzu a cika bokiti a juye a lungun ciki."

Malam Ja'afar ya kalli bokitin, ya kalli jarkarsa. Ta juye. Ruwan ya bazu, ya yi kamar zai tsaya, sannan ya taru ya nufi ƙofa, ya sauka tsakar gida, ya bi kwata ya fice ta rariyar katanga. Ta ji takun dattijon ya zagaya wurin rariyar. Aka ɗan jima.

"Ya iso," ya ce. "Aiki ya yi. Sannu, 'yata."

Malam Ja'afar ya buɗe baki zai maimaita, ya rufe. Badi'a ta shiga madafa ta daɗe tana gyara itacen da ba ya bukatar gyara.

Ta tattara kayan aikin ta tura ta ƙarƙashin asabari. Aka kwashe, sannan aka turo cokalin ya dawo. Baba Haladu ya ce tsoho ne, bakinsa ya cinye, yana da wani.

Cikin sati guda matan unguwa suka gama zuwa kallo. Sukan cire takalmi tun daga nesa, su shiga su zauna a ƙasa, su ƙi hawa tabarma. Hajaratu, matar shugaban kwamiti, ta fi kowa daɗewa. Ta shafa daɓen da tafin hannu, ta ce su ma suna da siminti buhu biyar a zaure wata biyu ke nan, sai dai maigidanta yana wurin ranar Juma'ar nan, kuma da Malam Ja'afar ya rantse bai ga ya dace a ce sakatare ya fi shugaba ba. Ashe su huɗu ne suka rantse a ranar.

Shugaban da kansa ya zo zaure bayan la'asar. Badi'a tana jin su. Sun daɗe suna kewaye-kewaye kafin a zo kan maganar Badi'a ta je ta zuba musu nasu daɓen. Malam Ja'afar ya ce fitar mace ba tare da dalili ba abin ƙi ne, amma wannan lalura ce, kuma taimakon ɗan'uwa ne a kan kiyaye rantsuwarsa. Shugaba ya ce shi ma haka ya fahimta.

"Sai dai da sharaɗi," in ji Malam Ja'afar. "Ba ma zubawa da rana. Kuma a tanadi ruwan kwana bakwai tun kafin mu zo. Mutane ba su san siminti ba."

Kafin ruwan farko ya sauka sun zuba ɗaki shida a Kabo, biyu a Gwarzo. Baba Haladu yana kwaɓi a waje, Badi'a tana ciki da matan gidan, Malam Ja'afar yana gaba da keke da jarkoki, a majalisa kuma yana ba da labarin yadda suka yi. Sau ɗaya aka samu matsala, a wani gida da suka ga ƙyashin ruwa suka daina jiƙawa a kwana na uku, gefe guda ya yi gari. Badi'a ba ta ci abincin kirki ba ranar, duk da kowa ya ce ba laifinta ba ne.

Wata rana suna dawowa daga aiki ta biya ta gidan Gwaggo Yelwa. Tsohuwar tana zaune a bakin ɗakinta tana ɓarar gyaɗa, daɓen ɗakin duk ya fashe. Badi'a ta ce an ba ta ragowar buhu ɗaya da rabi a Gwarzo, in aka haɗa da wani zai isa, ranar da Gwaggo ta shirya sai su zo su zuba mata.

"Ni?" in ji Gwaggo. "Allah ya kiyaye. Abin nan sanyi gare shi, ƙashi yake shiga. Ku yara ku kwanta a kai. In alheri za ki yi min, ki bari sai bayan kaka, in jiƙa makubar ɗorawa in sa a kawo jar ƙasa, ki zo da hannunki."

Badi'a ta ce to. Bayan kaka ta je, su biyar da matan maƙwabta, suka yini suna bugu.